Ka Sa Wa Kwamfutarka SSD Amma Ta Ƙi Aiki? Ga Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Wani abokina yana da shagon buga takardu a Kebbe. Kwamfuta ɗaya gare shi, ta tebur, irin na hannun nan da ake shigowa da su daga ofisoshin Turai, Dell OptiPlex 7010. Da ita yake buga wasiƙu da katin biki, yana kuma cike wa ɗalibai fom a intanet. Matsalarta nauyi: in ya kunna ta sai ya yi shara ya gama ba ta gama tashi ba, ga janareta na shan mai, ga mutane zaune kan benci suna jira. Sai aka ba shi shawara ya sa mata SSD. Ya ba wani mai zuwa Kano saƙo, ya ce a sayo masa "wadda ta fi sauri". Aka kawo masa wani siririn abu mai tsawon ɗan yatsa, GB 512. Ya buɗe kwamfutar ya duba ko'ina, bai ga inda zai soka shi ba.

Washegari ya ɗaure kwamfutar a bayan babur ya same ni Tambuwal. Yana sauka ya ce, "Malam, wanga abu dai an cuce ni." Na karɓa na duba, na ce masa babu wanda ya cuce shi. Abin da aka sayo masa lafiyarsa ƙalau, kwamfutarsa ce ba ta da gurbinsa.

Mu da ke nesa da kasuwar kayan kwamfuta, kuskure irin wannan yana da tsada. Sai ka je Sakkwato, ko ka ba da saƙo zuwa titin Beirut a Kano, kuma in an ɓare kwali ba kowane mai shago ke karɓar kayansa ba. Shi ya sa na rubuta wannan bayani. Mafi yawan abin da ake kira "SSD ta ƙi aiki" rashin dacewa ne tsakaninta da kwamfutar, kuma ana gano shi da tambayoyi huɗu a jere. Ta shiga gurbinta? BIOS ya gan ta? Windows ya gan ta? Kwamfutar ta yarda ta tashi daga kanta? Kada ka tsallake ɗaya ka je ta gaba.

Mece ce SSD ɗin ma tukuna?

Tsohuwar ma'adanar kwamfuta, wato HDD, faranti ne a ciki yana juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke yawo a kansa yana karanta bayanai. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Irin ma'adanar da ke cikin wayarka ce, shi ya sa waya ke buɗe manhaja nan take. HDD na tebur tana karanta kamar MB 100 zuwa 150 a daƙiƙa. SSD mafi sauƙin kuɗi tana kai wa wajen MB 550. Babban bambancin ma ba nan yake ba. Wajen nemo ƙananan fayiloli da ke warwatse, wanda shi ne aikin da Windows ke yi yayin tashi, SSD ta yi wa HDD nisa ƙwarai.

Tambaya ta farko: ta shiga gurbinta?

Ka san yadda cajar Type-C ba ta shiga tsohuwar waya mai ƙaramin rami, ko da kuwa cajar ta fi tsada? Haka abin yake a nan. SSD da za ka tarar a kasuwa iri uku ce.

Ta farko ita ce SATA mai inci 2.5. Ɗan akwati ne shafal, bai kai girman wayar hannu ba. Tana amfani da wayoyi biyu, iri ɗaya da na HDD: siririya ta bayanai mai haƙora 7, da mai faɗi ta wuta mai haƙora 15. Kusan duk kwamfutar tebur da ke aiki a shagunanmu tana karɓar wannan.

Ta biyu da ta uku duk siffarsu ɗaya, ana kiran siffar M.2. Siririn allo ne da ake sokawa kai tsaye a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, a ɗaure shi da ɗan noti guda. Amma hanyar da suke magana da kwamfuta ta bambanta. Akwai M.2 mai bin hanyar SATA, saurinta daidai da ta akwatin nan. Akwai kuma M.2 NVMe mai bin hanyar PCIe, wadda ke iya kai wa MB 3,500 a daƙiƙa a kan PCIe 3.0, sababbi ma sun wuce haka. Ita ce aka sayo wa abokina.

Ka dubi bakin haƙoranta. In tsaga biyu ka gani, galibi SATA ce. In tsaga ɗaya ce, galibi NVMe ce. Na ce galibi, don akwai 'yan kaɗan da suka saɓa, saboda haka ka karanta rubutun da ke jikinta. Tarkon da ke kama mutane shi ne mai tsaga biyu tana shiga ramin da aka yi don NVMe kaɗai, ta zauna daram, amma kwamfutar ba za ta taɓa ganinta ba. Don ta shiga ba shi ke nufin ta dace ba.

Sai tsawo. Lambar 2280 da ke jikin kwali tana nufin faɗi milimita 22, tsawo milimita 80. Akwai 2242 da 2230, gajeru. Ka duba inda ramin notin yake a allonka. Haka kuma wasu kwamfutoci suna da ɗan gajeren ramin M.2 wanda na katin Wi-Fi ne, ba na ma'adana ba.

OptiPlex 7010 ta fito a 2012, ba ta da ramin M.2 kwata-kwata. Ƙanwarta 7040, da ta fito a ƙarshen 2015, tana da shi. Sunan ya yi kama, amma cikin ya bambanta. To ta yaya za ka san taka? Da wayarka za ka yi aikin. Ka danna maɓallin Windows da R a kwamfutar, ka rubuta msinfo32, ka duba layin System Model. In ba ta kunnuwa, sunan yana jikin takardar da aka manna a bayanta. Ka rubuta wannan suna a Google ka haɗa da M.2, littafin kamfanin zai fito. Sannan ka buɗe murfin ka ɗauki hoton allon da haske sosai, ka tura wa mai sayarwa ta WhatsApp kafin ka tura kuɗi.

Wani zai ce ai akwai adafta da ake soka NVMe a jikinta, a sa a dogon ramin PCIe. Gaskiya ne, kuma tana aiki a matsayin wurin ajiyar fayiloli. Sai dai galibin kwamfutocin da suka fito kafin 2014 zuwa 2015, BIOS ɗinsu bai san yadda ake tashi daga NVMe ba. Za ka zuba Windows a kai, ka kashe ka kunna, ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba. Akwai masu yi wa BIOS kwaskwarima don wannan, amma ban ba mai kwamfuta ɗaya da yake cin abinci da ita shawarar haka ba. In aikin ya kuskure, allon ne ya tafi.

Da yake tawa kwamfutar tana da ramin NVMe, sai muka yi musaya: na karɓi tasa, na ba shi SATA mai inci 2.5 da ke wurina, muka daidaita a kan cikon kuɗi.

Kafin ka sa hannu a ciki

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Lokacin hunturu iska ta bushe, jikin mutum yana tara irin wutar nan da ke yi maka tsit in ka taɓa ƙarfen ƙofa. Wannan 'yar wuta tana iya kashe kayan cikin kwamfuta, don haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, kuma ka riƙe SSD ta gefe, ban da wajen haƙora. In ƙura ta taru, ka share ta da busasshen buroshi. Abu mafi muhimmanci: ka kwafe fayilolinka a filash ko wata ma'adana tun kafin ka fara. Na abokina akwai hotunan fasfo da takardun mutane na shekaru, waɗanda babu su a ko'ina sai nan.

Tambaya ta biyu: BIOS ya gan ta?

BIOS shi ne ɗan shirin da ke fara aiki kafin Windows. Da zarar ka kunna, ka yi ta danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, F1 in Lenovo ce. A sauran kuma yawanci Delete ne ko F2. Ka nemi wurin da aka jera ma'adanai. In sunan SSD ɗinka ya fito, ka wuce tambaya ta uku. In bai fito ba, Windows ba shi da laifi, kuma sake zuba shi ba zai gyara komai ba. Ga abin da za ka bi:

Wayoyi. SSD ba ta ƙara, don haka ba za ka ji ko wuta ta isa gare ta ba. Na sha ganin wanda ya jona wayar bayanai ya manta ta wuta. Ka tabbata duka biyun sun shiga har ƙarshe. Sabuwar SSD galibi ba ta zuwa da waya a kwalinta, kuma ƙananan kwamfutocin ofis ba su cika barin rara ba. Mu abin da muka yi shi ne zare wayoyin na'urar DVD, wadda ya daɗe bai buɗe ba, muka jona wa SSD. Ka lura kuma, a wasu ƙananan Dell da HP wayar wutar ma'adana daga jikin allo take fitowa da wani baki na musamman, don haka kada ka tilasta wata waya daban a wurin.

Ramin da aka kashe. A BIOS na kwamfutocin ofis ana iya rufe kowane ramin SATA daban. Za ka ga SATA-0, SATA-1, SATA-2, kowanne da ɗan akwatin alama a gefensa. In ramin da ka jona a rufe yake, ka buɗe shi ka adana.

Ramukan da ke raba hanya. A wasu alluna, in ka sa M.2, rami ɗaya ko biyu na SATA suna daina aiki. Idan ka sa sabuwa sai tsohuwar ta ɓace, to wannan ne. Ka mayar da wayar tsohuwar wani rami.

Gwajin musaya. Ka zare wayoyin tsohuwar HDD, waɗanda ka san suna aiki, ka jona wa SSD. In ta fito, waya ko rami ne ke da matsala. In ba ta fito ba, ka gwada ta a wata kwamfutar. Sai ta ƙi a wuri biyu za ka ce ta lalace.

Tambaya ta uku: Windows ya gan ta?

Nan ne mutane da yawa ke tsorata a banza. BIOS ya nuna ta, amma ka buɗe This PC ba ka gan ta ba. Dalili shi ne sabuwar ma'adana tamkar fili ce da ba a yanka ba, sai an shata ta an ba ta harafi. Ka danna Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Zai tambaye ka MBR ko GPT. Ka zaɓi GPT, sai fa in tsohuwar kwamfuta ce marar UEFI kuma kana son ta tashi daga wannan ma'adana. Bayan nan za ka ga baƙin layi an rubuta Unallocated. Ka danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi New Simple Volume, ka bi har ƙarshe da tsarin NTFS. Ka duba da kyau cewa sabuwar ka zaɓa, ba wadda aikinka ke ciki ba.

In ka sayi GB 256 ka ga an rubuta 238, ko 512 ka ga wajen 476, ba a rage maka komai ba. Kamfanoni suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024. Haka ma yake a katin ajiya na waya.

Wanda har yanzu yake kan Windows 7 ya sani cewa bai zo da direban NVMe ba, daga Windows 8.1 aka fara haɗo shi a ciki. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025. Shi Windows 11 yana neman UEFI da TPM 2.0, da farosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, don haka sa SSD kaɗai ba zai sa tsohuwar kwamfuta ta cancanta ba.

Tambaya ta huɗu: ta yarda ta tashi daga kanta?

SSD ba ta da amfani sosai in Windows yana kan tsohuwar HDD. Dole a mayar da shi kanta, ko dai a zuba sabo daga filash, ko a kwafe tsohuwar gaba ɗaya da manhajar kwafi. Kowace hanya da inda take tuntuɓe.

In sabo za ka zuba, ka fara zare wayar tsohuwar HDD. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba za ka goge ta bisa kuskure ba. Na biyu, in ka bar ta, Windows yakan ajiye fayilolin tashi a kanta, ranar da ka cire ta sai kwamfutar ta ƙi tashi ka rasa dalili.

Wani lokaci shirin zubawa zai tsaya ya ce ba zai iya sa Windows a wannan ma'adana ba, saboda tsarinta GPT ne, ko kuma saboda MBR ne. Ƙa'idar ita ce UEFI yana tafiya da GPT, tsohon tsari na Legacy yana tafiya da MBR. Yadda ka tayar da filash ɗin shi ke yanke hukunci. In ka danna F12 a Dell ko F9 a HP, sau da yawa za ka ga sunan filash ɗinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa. Shi za ka zaɓa. In SSD ɗin babu komai a kanta, ka goge duk ɓangarorin da ke kanta a wannan shafi, Windows zai shata ta da kansa yadda ya dace. MBR ba ya iya amfani da abin da ya wuce TB 2, wannan ma dalili ne na zaɓar GPT.

In kuma shirin zubawa bai nuna SSD ɗin ba sam alhali BIOS ya gan ta, ka koma BIOS ka nemi SATA Operation ko SATA Mode. Zaɓi uku ne yawanci: IDE ko ATA, AHCI, da RAID. Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On. Ka mayar da shi AHCI kafin ka zuba Windows. Amma a kula: in Windows ya riga ya zauna a wani tsari ka canza shi kai tsaye, za ka ga shuɗin allo da rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Kada ka firgita, babu abin da ya goge. Ka mayar da shi yadda yake, za ta tashi. In kana son canjin ya zauna, ka sa Windows ya tashi a Safe Mode ta hanyar msconfig, ka canza a BIOS, ka bari ta tashi sau ɗaya a haka, sannan ka cire alamar Safe Mode.

In kwafi ka zaɓa, abin da ke cikin tsohuwar dole ya yi ƙasa da girman sabuwar. HDD mai GB 500 tana kwafuwa a SSD mai 256 matuƙar abin da ke ciki bai kai hakan ba, don haka ka fara kwashe finafinai da hotuna gefe. Da an gama, ka kashe, ka zare tsohuwar, ka tayar da sabuwar ita kaɗai. In ka bar su tare, ko dai kwamfutar ta ci gaba da tashi daga tsohuwar kana cewa ba ka ga canji ba, ko Windows ya rufe ɗaya ya rubuta Offline saboda lambar shaidarsu ta zama ɗaya. Bayan ka tabbatar komai lafiya, ka mayar da tsohuwar, ka sa SSD a sahun farko a Boot Sequence.

Tana aiki, amma ba yadda ka zata ba

SATA hawa uku ne: na farko Gb 1.5 a daƙiƙa, na biyu Gb 3, na uku da ya fito a 2009 Gb 6. Duk suna karɓar juna, sai dai sauri yana tsayawa a kan mafi ƙanƙanta. A ramin SATA na biyu, SSD ba za ta wuce MB 300 ba. A kwamfutoci irin ta abokina, rami ɗaya ko biyu ne kawai masu cikakken sauri, shi ya sa muka mayar da SSD ramin SATA-0, tsohuwar HDD ta koma inda DVD yake. Ko da duk ramukanka na hawa na biyu ne, kada ka fasa, za ka ga bambanci babba.

In kwamfutar tana daskarewa ko SSD tana ɓacewa tana dawowa, ka fara canza wayar bayanai, ita ce mafi arha kuma ita ta fi yawan laifi. Ka guji adaftar wuta mai arha da ke mayar da tsohon baki mai haƙora huɗu zuwa SATA, marasa kyau a cikinsu suna zafi har su narke. Sannan ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka lafiyar SSD da yawan awannin da ta yi tana aiki. In an sayar maka a matsayin sabuwa ka ga dubban awanni, ta hannu ce. Akwai kuma na jabu, kamar katin ajiyar waya da ake rubuta wa babban girma alhali cikinsa kaɗan ne. Manhajar H2testw tana cika ma'adana ta sake karantawa don ta gano gaskiyar girmanta. Ka yi wannan gwaji tun ba ka zuba komai ba, tun kana iya mayarwa.

Sai batun wuta. Ɗaukewar wuta lokacin da ake rubuta bayanai tana iya ɓata fayiloli, har Windows ya ƙi tashi. In da hali ka sa UPS ko ka jona a inbata, musamman in kana sauyawa tsakanin janareta da wutar layi. Kada ka cika SSD maƙil, ka bar mata kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari. Kuma ka sani HDD takan yi ƙara ta ba da alama kafin ta mutu, ita SSD sau da yawa shiru take tafiya, kuma ciro bayanai daga matacciyarta ya fi wuya. Tsohuwar HDD da ka cire Windows daga kanta ta zama wurin ajiye kwafi na biyu.

Kafin la'asar ranar mun gama. Kwamfutar abokina ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti, fayilolin mutane kuma babu wanda ya ɓace. Kuɗin mai da yinin da ya rufe shago ne asararsa, kuma hoton allo guda ɗaya da zai tura kafin a sayo ya isa ya hana ta. Yanzu in wani ya kira ni daga Dogon Daji ko Sanyinna yana tambayar wace SSD zai saya, ba na ba shi amsa sai ya fara turo mini sunan kwamfutar da hoton cikinta.